Matar ƙanena ta haihu a Maskat: me mutanen Oman ke dafa wa mai jego?

Yayar Miji:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman wadda ta zauna a Oman, ko ta san girkinsu na cikin gida, ta taimaka mini.

Ƙanena yana aiki a Maskat, a can Allah ya haɗa shi da matarsa. 'Yar ƙasar ce, asalin iyayenta mutanen Nizwa ne. Ta sauka lafiya, an samu namiji, sai dai aiki aka yi mata. A al'adarsu mace gidan uwarta take komawa ta yi arba'in, uwar ce ke riƙe da tukunyarta har ta gama jego. To ita mahaifiyarta ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, kuma 'yan'uwanta duk maza ne. Shi ya sa ƙanena ya roƙe ni na zo na zauna da ita. Muna unguwar Mabela, can wajen Sib. Hutun kwana 7 da dokar ƙwadagonsu ta ba uba ya ƙare, ya koma aiki, daga safe zuwa la'asar daga ni sai ita sai jariri.

Yarinyar nan akwai kunya da kawaici. Duk abin da na ajiye mata sai ta yi godiya, ta ɗan taɓa, ta rufe kwanon. Ruwan nono bai kawo sosai ba, ita ma idonta duk ya faɗa. Da na matsa mata da tambaya sai ta ce abu biyu take marmari: sakhana irin ta mamanta, da ƙurus da zuma. Tana faɗa tana share hawaye. Na ce ta kwatanta mini yadda ake yi, ta ce ita ci kawai ta sani, mamanta ba ta taɓa bar mata tukunyar ba.

Wata dattijuwa maƙwabciyarsu ta shigo barka da kwalbar man shanu, da hulba, da wasu ƙananan ƙwayoyi jajaye a leda. Ta yi ta yi mini bayani da Larabcinsu mai sauri, abin da na iya kamawa kawai shi ne kada a ba ta ruwan sanyi, kuma a cika masoro.

To yaya ake sakhanar nan? Jajayen ƙwayoyin nan na mene ne, kuma ta yaya ake sarrafa su? Sannan abin da ya fi damuna: tana da ciki an ce mata suga ya hau, har aka hana ta zaƙi. Duk abin da nake ji ana ambata kuwa daga zuma sai dabino sai man shanu. Ina so ta ci abincin da ranta ke so, amma ina tsoron in cutar da ita da hannuna.

Surukar Rustaƙ:

Wa alaikumus salam Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Allah kuma ya saka miki, domin zama da mai jegon da ba ta da uwa ba ƙaramin lada ba ne. Ni a Rustaƙ nake aure, duk haihuwata surukata ce ta yi mini girkin jego, kuma a gefenta na tsaya na koya. Zan faɗa miki yadda take yi, amma ki riƙe a ranki cewa kowane gida da hannunsa.

Sakhana garin alkama ne, an fi son wanda ba a cire masa dusa ba. Sirrinta yana wurin suyar garin. Ki zuba shi a busasshiyar tukunya, babu mai babu ruwa, wuta ƙasa-ƙasa, ki yi ta juyawa da muciya. Kada ki matsa ko nan da ƙofa. Zai fara daga fari ya koma ruwan ƙasa mai haske, ƙamshinsa ya cika kicin. Da kin ji ƙamshin ya fara juyawa zuwa ƙauri to kin wuce wuri, sauke shi tun kafin nan. Ki bar shi ya huce, ki tankaɗe, sannan ki dama shi da ruwan da ba shi da zafi don kada ya yi gudaji. A gefe guda kin riga kin tafasa ruwa da abin zaƙi: wasu jan suga suke narkarwa, wasu dabino suke jiƙawa su murje su tace, wasu kuma dibis suke zubawa, wato zumar da ke tsatsowa daga dabino idan an jibge shi buhu kan buhu. Sai ki tsiyaya damammen garin a hankali kina juyawa, ki sa masoro, da citta, da hel (wato cardamom, ƙwayar ƙamshin nan da suke sa wa gahawa), da ɗan kirfa. Ki bar ta tana ɓararraka a kan ƙaramar wuta har ɗanyen gari ya fita, ta yi kaurin da za a sha da cokali. In za ki kai mata sai ki kwarara man shanu a kai, ya yi ta ƙyalli. Akwai masu ƙara madara. Surukata ba ta sawa, tana cewa madara na danne zafin masoro, ita kuma zafin take nema.

Idan kika ƙara gari kika tuƙa ta yi tauri kamar tuwo, ta zama asida ke nan. Ana yi mata rami a tsakiya a zuba man shanu da zuma. Wannan ta fi nauyi, ni ban fara cin ta ba sai da jikina ya ɗan saki.

Jajayen ƙwayoyin nan irin lansir ne, su suna ce masa habbur rashad ko habbatul hamra. Ba a zuba shi da yawa. Ƙaramin cokali ɗaya za ki jiƙa a ruwa, ki ga ya kumbura ya yi yauƙi, sai ki juye a madara mai ɗumi ko a cikin sakhanar idan ta kusa sauka. Hulba kuwa in ba ki kashe ɗacinta ba ba za ta sha ba. Ki jiƙa ta ta kwana, ki zubar da ruwan, ki tafasa ki sake zubarwa, sannan ki dafa ta cikin madara da ɗan garin shinkafa don ta yi jiki, da hel, da za'afaran in akwai. Kada ki tsorata idan kika ji zufarta da kayan jariri sun ɗauki wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, aikin hulba ne.

Ƙurus shi ne mafi sauƙi. Ƙullun fulawa ne mai ruwa-ruwa da ƙwai da ɗan yis da hel da gishiri kaɗan. Ki bar shi ya tashi, ki shafa mai a faffaɗan kasko, ki riƙa zuba ludayi ɗaya-ɗaya, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Idan samansa ya yi huji-huji sai ki juya. Da zafinsa ake shafe shi da man shanu a zuba zuma.

Maganar zuma, ki bar ƙaninki ya nemo ta wurin wanda ya sani, domin ana haɗi sosai. Iri biyu suka fi ji da su: ta sidir, bishiyar nan dangin kurna da magarya, da ta samur, wadda ta fi duhu. A wajenmu har yau akwai masu kiwon zuma a cikin kututturen dabino da aka rarake. Za ki ga ana sayar da ita a tsofaffin kwalaben Vimto, kada ki raina kwalbar, haka suke auna ta, kuma riyal ɗin da za a kira miki ba kaɗan ba ne.

Da rana abincinta romon kazar gida ne, ba ta firji ba. Albasa, tafarnuwa, kurkum, masoro, da busasshen lemon tsamin nan baƙi da suke kira lumi. Ki huda shi wuri biyu kafin ki jefa, ki cire shi in ya ba da tsaminsa don kada ya sa ɗaci. Ana ci da rukhal, gurasarsu mai sirantaka da ake shafawa da hannu a kan faifan ƙarfe mai zafi. Ba sai kin yi da kanki ba, ana sayarwa a kowace unguwa. Ki gutsuttsura a kwano ki zuba romon a kai ya jiƙa. Daga baya sai ki shigo da haris, alkama da nama da aka dafa har suka narke aka buge, ko arsiyya wadda ita da shinkafa ake yi.

Amma Hajiya, ga shawarar da ta fi duk wannan. Yarinyar nan ba sakhana kawai ta ce ba, ta mamanta ta ce. Duk yadda kika bi nawa, hannun Rustaƙ za ki yi mata, ita kuwa na Nizwa ta sani, na gidansu. Ba ta da inna ko gwaggo a can? Ki sa ta kira miki ƙanwar mahaifiyarta, ki tambaye ta abin da marigayiya ke sawa. Kada ki ji nauyi. Tsofaffin ƙasar nan idan ka je ka ce su koya maka girkinsu, ka gama girmama su.

Ungozoma a Suhar:

Barka Yaya, Allah ya raya mana. Ni aikin ungozoma nake a nan Oman, kuma kusan duk mai jegon da ta zo awo abincin nan take ci. Ba na hana su. Abinci ne mai ɗumi, mai saurin shiga, kuma macen da ba ta cin komai ta fi ba ni tsoro a kan wadda ta sha kofin sakhana. Sai dai akwai abubuwan da nake so ki kula da su.

Na farko, kafin ki ba ta hulba, ki duba takardun jaririn ko ki tambayi likitansa game da G6PD. A nan suna ce masa naƙsul khamira, kuma ya yawaita ƙwarai a Oman, musamman a 'ya'ya maza, ta wajen uwa kuma namiji ke gadonsa. Yaron da ke da shi, wasu abubuwa na farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. In an tabbatar yana da shi, uwar ta bar cin waken ful (fava, babban waken nan na Larabawa) muddin tana shayarwa, hulba ma sai likita ya amince. Kada a sa wa jaririn lalle, kada kuma a ajiye kayansa da ƙwayoyin kafur na cikin akwati. Ki riƙa duba farin idonsa da fatarsa a hasken rana. In kika ga rawaya tana ƙaruwa, ko ya cika barci ba ya kama nono, yana iya zama ciwon shawara, a tafi asibiti a ranar.

Na biyu, suga. Wanda ke zuwa da ciki yawanci yana sauka bayan haihuwa, amma sai an gwada ake sani. Ana sake yi mata gwaji tsakanin mako 6 zuwa 12, kada ku bari ya wuce, domin mai irin wannan ta fi wasu haɗarin kamuwa da ciwon suga nan gaba. Kafin nan, zuma da dibis da dabino duk zaƙi ne a jini, kasancewarsu daga bishiya bai canza wannan ba. Ki yi mata sakhana rabin zaƙin da aka saba, ƙaramin kofi, ki haɗa mata da dafaffen ƙwai. Kada a tara mata sakhana da ƙurus da halwa a zama ɗaya. Dabino biyu ko uku ba laifi, kowa ya san matsayinsa ga mai haihuwa tun daga ƙissar Nana Maryam. Idan kuwa har yanzu tana shan maganin suga, ki sani hulba ma na saukar da shi, kada su haɗu su kayar da ita.

Na uku, nono. Hulba na taimaka wa wasu, wasu ko alama. Abin da ke kawo ruwan nono na gaskiya shi ne tsotso: a sa yaro sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kuma ya kama da kyau, ba kan nonon kaɗai ba. Wadda aka yi wa aiki, da wadda ta yi suga, nononsu kan ɗan yi jinkirin kawowa. Ma'auninki ƙunzugunsa ne: in yana jiƙa shida ko fiye a yini bayan kwanakin farko, yana samu. Zumar nan kuma ta uwa ce kaɗai. Ko ɗigo kada a lasa wa jariri sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Ruwa ma ba ya buƙata, nono ya ishe shi har wata 6.

Maganar ruwan sanyi ba na jayayya da tsofaffi a kanta. In mai ɗumi take so, ta sha mai ɗumi, amma ta sha da yawa. Matsalar ita ce wasu daga hana na sanyi sai su rage shan ruwan gaba ɗaya, ga masoro, ga fulawa, ga ƙwayar ƙarin jini, sai bayan gida ya yi tauri, mai ɗinki a ciki kuwa yunƙuri azaba ne. Ki sa mata ganye da kabewa a romon, ki ba ta gwanda da lemo. Gahawa da shayi su yi nesa da lokacin shan ƙwayar ƙarin jinin, suna hana jiki ɗaukarta. Ta riƙa ɗan takawa a cikin gida.

Zazzaɓi, jinin biƙi mai wari ko mai zuba da yawa, ɗinki ya yi ja yana ruwa, kumburin ƙafa ɗaya, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani: duk waɗannan ba na jira ba ne, lambar gaggawa a nan 9999 ce. Kuma ki sa ido a kan hawayen nan. Ta yi rashin uwa, ga haihuwar fari. In ya wuce mako biyu tana kuka, ba ci, ba barci ko da yaro ya yi barci, ki gaya wa mijinta su faɗa a cibiyar lafiya. Ana magance shi.

Yayar Miji:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Malama ungozoma, mun tambaya, an ce yaron ba shi da wannan matsalar, alhamdu lillahi. Na rubuta ranar gwajin sugan na manna a jikin firji.

Hajiya ta Rustaƙ, na bi shawararki. Mun kira innarta a Nizwa, ashe tsohuwar ciwon gwiwa ne ya hana ta zuwa, kuma tana ta jin nauyin kada a ce ta yi shisshigi a gidan suruki. Ta ce marigayiya ba ta taɓa sa suga ba, dabinon fard take jiƙawa, baƙin nan da bai cika zaƙi ba, kuma tana soya masoron a man shanu kafin ta zuba. Haka na yi. Ta shanye kofin, ta ce a ƙara mata rabi. Innar ta ce ita ma za ta zo, za ta sa a kawo ta ranar Juma'a.

Yanzu saura 'yan barka. An ce dangi za su zo da yawa tare da ita, ban san me ake ajiye musu ba. Sannan maƙwabciyar nan ta kawo luban ta ce a riƙa turara ɗakin safe da yamma, har ta ce a jiƙa a ba mai jego ta sha. Wannan fa?

Mazauniyar Salala:

Barka 'yar'uwa. Luban dai daga wajenmu yake fitowa, yankin Zufar. Ƙaro ne da ke tsatsowa idan an tsaga bawon bishiyarsa, kuma ɗaya daga wuraren da take da yawa, Wadi Dauka, yana cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a shekarar 2000. A Oman babu gidan mai jegon da za ki shiga ba ki ji ƙamshinsa ba.

Iri-iri ne. Mai duhu, mai haɗe da ɓawo, na ƙonawa ne kawai. Wanda mutane ke jiƙawa shi ne hojari, fari mai ɗan kore-kore, tsaftatacce. Ƙwaya biyu ko uku ake jefawa a kofin ruwa ya kwana, da safe ruwan ya yi fari. Ni dai ra'ayina, wadda aka yi wa aiki tana kan magunguna, a bar shan nan sai ta gama su ta tambayi likitarta. Ba abin da zai tsere mata.

Turaren kuwa ki yi, amma ki fitar da jariri tukuna. Ki zagaya da kaskon, ki turara labule da kayan uwar, ki buɗe taga hayaƙin ya fita, sannan a dawo da shi. Gidajen Maskat a rufe suke saboda na'urar sanyaya ɗaki, hayaƙi ba ya samun hanya, ƙirjin jariri kuma ba ya ɗauka. Garwashin ma kada a bar shi a ɗaki a rufe ƙofa.

In man shanunku ya kusa ƙarewa, ki ce a nemo muku na shanun dutsen Zufar, musamman wanda aka yi bayan damina, lokacin da suke kira kharif, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da duwatsun nan suke kore shar. Ko a Maskat ana samunsa wurin masu kawowa daga nan.

Surukar Rustaƙ:

Madalla Hajiya, na ji daɗi. Soya masoro a man shanu ban taɓa gani ba, ni ma zan gwada.

Abin da ake ajiye wa baƙi suna ce masa fuwala: dabino, halwa, 'ya'yan itace da aka yanka, sai gahawa mai hel. Halwar saya ake yi, ki ce ƙaninki ya biya ta garin Barka, tunda daga Mabela ba nisa, mutanen garin sun yi suna a kanta. Ki fara miƙa dabino da halwa, gahawa ta biyo baya. Butar a hannun hagu, ƙaramin kofin a dama, ki fara da innar tunda ita ce babba. Ba a cika kofin, ɗan kaɗan ake zubawa, ki yi ta ƙarawa har sai mutum ya girgiza kofinsa, alamar ya ƙoshi ke nan. Ki ajiye kwanon ruwa a gefe na ɗauraye kofuna.

Abu ɗaya da ba wanda zai gaya miki: 'yan barka ma suna sa ran a ɗanɗana musu sakhanar mai jego da ƙurus ɗinta. Don haka ranar Juma'a tukunya biyu za ki ɗora. Babbar ki cika mata zaƙi yadda suka saba, ta baƙi ce. Ƙaramar, mai dabinon fard da rabin zaƙi, ki zuba a filas ki kai ɗakinta tun kafin su iso, domin in kika bar ta a kicin wata za ta ɗanɗana ta ce babu suga, ta ƙara miki da kyakkyawar niyya. Garin kuma ki soya da yawa tun ranar Alhamis ki rufe a gwangwani, yana ajiyuwa, kuma shi ne ke cin lokaci.